Me Ka Iya?

Shagona yana bayan Taminus, jikin masu gyaran agogo.
Tebur guda, injin buga takarda,
da benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne.
Tsofaffin soja ke zuwa, tun sanyin Jos bai saki yatsu ba,
kuma ban ga wanda ya taɓa makara ba.

Saje Mantau ya zo ran Talata.
Ya ƙame a ƙofa har sai da na ce ya zauna,
ya ɗosana a bakin benci kamar mai jiran kira.
Shekara ashirin da biyu cikin kaki,
yau 'yar shara ce a jikinsa, ta ƙi zama a kafaɗa.

Na ce, "Me ka iya?"
Ya daɗe yana duban tafin hannunsa.
Ya ce, "Abin da na iya, Malama, ba a son shi a cikin gari."

Na san wannan shirun.
Ni ma daga barikin Rukuba na fito, da akwati da takardar sallama.

Ƙofa bakwai ya ƙwanƙwasa kafin tawa:
banki, otal, gidan wani attajiri mai karnuka.
Amsar ɗaya ce: gadi.
Kujerar roba, tocila, kulki.
Wai wanda ya taɓa hana idonsa barci don jama'a
ba a sake ba shi dare.

Na ce, "Ajiye bindigar.
Ba ni labarin yini guda, tun daga asuba."

Ya ce, "Mota goma sha huɗu a hannuna.
Ni ke auna mai, ni ke raba shinkafa,
ni ke sanin tayar da ba za ta kai azahar ba.
Mutum ɗari da ashirin, ba wanda ya kwana da yunwa."
Sai ya haɗiye yawu.
"Ban da waɗanda na zuba wa, ba su dawo sun ci ba."

Ban buga wannan ba, takarda ba ta da gurbinsa.
Na buga: mai kula da sito.
Ya san hanya, ya san lissafi,
ba ya cin amanar mudu.

Na kai shi Farin Gada, wurin Ngo Chundung
mai loda dankali da kabeji zuwa kudu.
Ta karanta, ta ja ni gefe:
"An ce suna da zafin hannu."
Na ce, "Gwada shi mako guda.
In buhu ya ɓata, ni zan biya."
Da me zan biya? Allah kaɗai ya sani.

Rana ta uku tayar tirela ta fashe a bakin titi.
Kafin ƙarar ta mutu, Saje yana ƙasa,
rub da ciki a cikin ruɓaɓɓen ganyen kabeji,
hannunsa na laluben abin da ba ya nan.
'Yan dako suka tuntsire da dariya.

Ngo Chundung ba ta yi ba.
Ta sunkuya ta ɗauki littafin da ya yar,
ta kaɗe shi a zaninta,
ta ce, "Saje, buhu nawa muka tsaya?"

Daga ƙasan ya amsa, murya na rawa:
"Tamanin da bakwai."
Aka ƙirga. Tamanin da bakwai ne.

Wata huɗu ke nan.
Jiya wani yaro ya sauke min rabin buhun dankali,
da 'yar takarda a soke a bakinsa,
sunaye uku, rubutu a miƙe kamar fareti:
"Nanbol ya iya walda.
Ɗanjuma ya iya ɗaurin rauni, ko asibiti za su so.
Na ukun ba ya magana sosai,
a yi haƙuri da shi, kar a zaunar da shi baya ga ƙofa."

Gobe za su zo, kuma na san ba za su makara ba.
Na juya bencin, yana kallon titi.